Ciwon da Rigar Juma'a Ta Rufe

Ni aka aika duba gidan, kuma ban wuce falo ba. Gara in faɗa da bakina tun kafin Goggo Hajara ta riga ni.

Abba ne ya aike ni, don a gidanmu ni ne mai Faransancin lise, wato na sakandare, nasa na kasuwa ne, iyakarsa rigima da 'yan duwan, wato kwastan. Ya ce, "Sadiku, je ka Jambutu ka duba mana wurin nan da Baffanka yake ta magana. Ka buɗe ido." Na hau moto, wato babur ɗin haya, na tafi. Aka zaunar da ni a wani falo mai tayil ƙal, fanka na juyawa ta ko'ina, ga talabijin kusan faɗin ƙofar shagonmu ana nuna ƙwallo. Madam mai gidan ta sa aka kawo mini ruwa mai sanyin da sai da haƙorana suka gaisa da juna. Duk wanda ya san zafin Garwa a watan Maris ya san ruwan sanyi yana iya sayen mutum. Na kalli wasa har aka tafi hutun rabin lokaci, na yi godiya, na dawo gida na ce, "Abba, wallahi ko gwamna ya ga wurin nan sai ya yi ƙaryar ciwo. Ƙuda ma sai ya cire takalmi kafin ya shiga."

A gida Rediyo ake ce mini. In na ga ɓera sai in ce akuya ce ta shigo kicin. Saboda haka duk abin da na faɗa, a kan raba shi gida goma a ɗauki ɗaya. Ranar nan kaɗai aka ɗauki maganata dukanta, saboda kowa yana so ta zama gaskiya.

Wanda za a kai gidan kuwa, kakana ne na wajen uba. Mutane na ce masa Alhaji, ni Tsoho nake ce masa, shi kuma ya ce mini ɗan nema. Kakanninsa fatake ne daga Kano, amma shi a nan Garwa aka haife shi, Fulatanci a bakinsa kamar Hausa. Yadi yake sayarwa a kasuwa tun kafin a haifi Abba. Ni da shi ba ma zama minti biyar ba mu tsokani juna ba. Shi da Abba kuwa akasin haka ne. Abba ɗan fari ne, Tsoho bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai ya ce "mutumin nan". In suna magana, ɗaya yana kallon ƙasa, ɗaya yana kallon bango, kamar masu jiran mota a tasha.

Ciwon ya same shi a shago, wata Asabar da hantsi, yana shan shayi. Na ce masa gemunsa ya fara kama da tsintsiyar masallaci. Ya buɗe baki zai rama, sai bakin ya karkace gefe guda. Na fashe da dariya, na ɗauka sabon salon gwalo ne ya koyo. Sai kofin ya suɓuce daga hannunsa, shayin ya zube a kan turmin shadda, shi kuma ya zame daga kujera a hankali kamar buhun da aka jingina ba daidai ba.

A asibiti mun yi layin sayen kati, mun yi layin awon jini, mun yi layin ganin likita, har na fara tunanin akwai layin da ake shiga don a ba mutum izinin shiga layi. Likita ya ce "a-ve-se". Kalmar ta zauna mini a ka. Ya ce jini ne ya hau ya taɓa ƙwaƙwalwa, ɓarin dama ya shanye. Duk takardar da ya rubuta, ni ne mai gudu famasi. Mu gidan 'yan yadi ne, da turmi muke auna komai, kuma a makon farko kaɗai Abba ya ce an sha turamen shadda da yawa ta jijiya.

'Yan dubiya kuwa kowa da asibitinsa a aljihu. Wata maƙwabciya ta ce iska ce ta buge shi a kasuwa, a nemo hayaƙi. Wani abokin Tsoho ya kawo kitsen mesa a kwalbar magani. Goggo Hajara, ƙanwar Abba, ta taso daga Ngaundare da man shanu da tafarnuwa da citta. Da mun bi shawarar kowa, da Tsoho ya zama miya. Rubutu dai an sha, kuma na gode wa malamin unguwarmu, bai karɓi ko sisi ba.

Da aka sallame mu muka dawo gida, a nan ainihin wahalar ta fara. Tsoho ba ya iya tashi, ba ya iya juyawa, ba ya iya zuwa bayi. Kakata ta rasu tuntuni. Inna suruka ce, ko ɗakinsa ba ta shiga sai ta durƙusa daga bakin ƙofa. Abba rabin mako yana Mayo Ulo wajen kaya, in ma yana gari Tsoho ba zai yarda ya taɓa masa wando ba. Ni ina makaranta. Aka ɗauki wani mutum ana biyansa, ya yi 'yan kwanaki ya ce zai je ƙauye gaisuwar mutuwa, har yau ana gaisuwar.

Sai Baffa Sani, ƙanin Abba da ke Duwala, ya bugo waya ya ce ya ji labarin wani gida a Jambutu inda ake kula da tsofaffi marasa lafiya, ba a buƙatar ɗan'uwa ya zauna jinya, su ke yin komai. Shi zai riƙa turo kuɗin wata. Abba ya kwana biyu yana juya maganar. A unguwarmu a ce ka kai ubanka gidan tsofaffi, gara a ce ka yi sata. Daga ƙarshe aka shirya cewa duk wanda ya tambaya, a ce yana kilinik ana yi masa gashi da motsa jiki. Daga nan ne aka aike ni na je na sha ruwan sanyi.

Ranar dubiya a gidan Juma'a ce, bayan an sauko daga masallaci. Mu kan tafi gaba ɗaya, da kulolin abinci, da 'yan unguwa biyu ko uku don su gani su ba da labari. Kullum mu kan tarar da Tsoho a falo, a keken guragu, ƙarƙashin fanka. An yi masa wanka, an sa masa farar babbar riga da hula, an fesa masa turaren da ko a bakin gadar Binuwai ana jin ƙamshinsa. Kowa ya durƙusa.

"Alhaji, ya jiki?"

"Da sauƙi."

"Allah ya ƙara sauƙi."

"Amin."

Madam ta leƙo da murmushi ta ce, "Jam na?" mu ce jam, wato lafiya da Fulatanci. Shi ke nan an duba mara lafiya. Bahaushe ko cire masa kai aka yi aka ajiye a gefe, ka ce masa ya jiki, kan zai ce da sauƙi. Amma mu muka riƙe wannan amsar kamar sakamakon awo.

Kowa da abin da yake dubawa. Goggo, in ta zo, wuyan riga take dubawa, ta ce babu datti. Abba yana duba yadda Madam take girmama mutane. Baffa Sani ta bidiyo yake kallo daga Duwala, ya ce a juya masa wayar ya ga tayil. Inna kuwa kula take dubawa, in aka dawo mata da ita a wanke sai ta ce, "Alhamdu lillahi, Alhaji yana cin abinci." Na lura yana zama a karkace, yana cije leɓe in keken ya motsa. Na ce masa, "Tsoho, zaman amarya kake yi?" Ya harare ni da ido ɗaya. Na ɗauka shanyewar ce.

Haka muka yi makonni. Sai wata Talata malamin lissafi bai zo ba, ni kuma na yanke wa na tarihi hukuncin cewa shi ma ba zai zo ba. Na ce bari in je in tsokani Tsoho. Mai gadi ya ce ba ranar dubiya ba ce. Na ce masa Alhaji ne ya yi mafarki ya aiko a kawo masa carbinsa cikin gaggawa, in ba haka ba alhaki a wuyansa. Ya buɗe.

Falon ba kowa, an kashe fanka, an rufe talabijin da zane. Na bi wani siririn lungu da ban taɓa bi ba. Tayil ya ƙare daidai inda idon baƙo yake ƙarewa. A baya akwai dogon gini mai rufin kwano, ba silin. An ɗauke wuta. Tun kafin in kai ƙofa wari ya tare ni, na fitsari da wani abu daban da ban san sunansa ba a lokacin.

Gadaje huɗu ne a ɗakin. Tsoho yana na ƙarshe, kwance rigingine a kan ledar roba, da wata tsohuwar riga da ba tasa ba. Gumi ya taru a ramin wuyansa. Kwanon kunu yana gefensa na dama, wato gefen hannun da ya mutu, ƙudaje sun yi masa rumfa.

Wani tsoho a gadon kusa ya ɗago kai. Daga baya na san sunansa Baba Modu, mutumin Mora ne, 'ya'yansa suka gudo da shi lokacin hare-hare, suka ajiye shi nan suka wuce kudu neman aiki. Ya ce, "Kai ne jikan? Tun asuba yake haka. Yaron guda ne, gidan duka."

Yaron da yake nufi Buba ne, wani siririn saurayi da na hango a tsakar gida yana wankin zannuwa a baho. Shi ne mai wanka, shi ne mai shara, shi ne mai ba da abinci, shi ne mai kwashe fo. Nas tana zuwa da safe ta raba ƙwayoyi ta tafi wani aikin.

Na ce bari in yi abin da na saba. "Tsoho, tashi mu yi kokawa, yau sai na kayar da kai." Na sa hannu ƙarƙashin kafaɗarsa na ɗan mirgina shi. Ya yi wata ƙara da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Rigar ta manne da bayansa. Da na ja ta, sai na ga wurin, can ƙasan baya inda ƙashi yake. Fatar ta tafi. Faɗinsa ya kai tafin hannuna, tsakiyar ja, gefen ya yi fari-fari, yana ruwa.

"Tsoho, mene ne wannan?"

"Saki rigar." Tun da ya kwanta maganarsa ta zama kamar ta mai tuwo a baki, amma ni ina ganewa.

"Tun yaushe?"

"Rufe ni, ɗan nema."

"Wallahi sai na faɗa wa Abba."

Ya kama wuyan hannuna da hagunsa, da ƙarfin da ban san ya rage masa ba. "In ka faɗa wa mutumin nan, cewa zai yi sai ya gani." Ya numfasa. "So kake ya gani?"

Na ɗauki kunun na kore ƙudaje, na ga ba zai shawu ba, na fita na sayo masa yogot na ba shi da cokali. Ya shanye tas, har yana bin cokalin da baki. Baba Modu ya ce abincin Juma'a da muke kawowa su suke raba shi, don Alhaji ba ya kai hagu baki, mai ba shi kuma sai ya samu sarari.

Da yamma ana cin tuwo na faɗa. Kuma na faɗa ne yadda na saba faɗin komai, don ban iya wata hanyar ba. Na ce, "Abba, bayan Tsoho ya huje. Rami ne, wallahi kaza za ta yi ƙwai a ciki ta ƙyanƙyashe ba wanda ya sani."

Ƙanwata ta tuntsire da dariya. Inna ta ce, "A'uzu billahi, ana cin abinci." Abba ya ajiye loma ya dube ni.

"Me ya kai ka Jambutu ranar makaranta?"

Shi ke nan shari'a ta juya. Aka bar bayan Tsoho aka koma kan malamin tarihi. Duk da haka Abba ya kira Madam a gabana. Na ji muryarta ta waya, mai laushi kamar burodin safe. Ta ce ƙurajen zafi ne, duk tsofaffi suna yi a wannan watan, suna sa masa hoda.

Ranar Juma'a, bayan an gama da sauƙi da Allah ya ƙara sauƙi, Abba ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhaji, yaron nan ya ce wai akwai ciwo a baya."

Tsoho yana kallon talabijin. Ya ce, "Rediyo ke nan. Kun taɓa jin ya tsaya a tasha ɗaya?"

Falon ya ɗauki dariya, har da Madam, har da 'yan unguwa. Kowa ya ji daɗi, ga Alhaji har ya samu ƙarfin tsokana. Na tashi na fita bakin ƙofa. Ba kuka na yi ba, gumin Garwa ne ya rasa hanya ya biyo ta ido.

Madam ta gaya wa mai gadi kada ya ƙara bari na shiga sai Juma'a. Buba ne ya nuna mini ƙofar baya, ta wajen igiyar shanya. Ba zan manta masa ba. Albashinsa ba ya zuwa a kan lokaci, safar hannu da kuɗinsa yake saya, kuma ya gaya wa Madam zancen ciwon tun yana ɗan ja, ta ce ya sa hoda. Ya ce mini da Fulatanci, "Ni hannu biyu gare ni. In na juya wannan, wancan ya ɓata shimfiɗa. In na je wajen wancan, na ɗakin mata suna kira."

Sai dabara ta zo mini, irin ta 'yan zamani. Na jira Tsoho ya yi barcin rana, Buba ya ɗaga rigar, na ɗauki hoto. Na kai wa Abba a shago bayan la'asar, na miƙa masa wayar.

"Mene ne?"

"Bayan Tsoho ne. Ka duba da kanka."

Bai duba ba. Ya kifa wayar a kan tebur kamar ta ƙone shi. Ya daɗe yana kallon titi. Da ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa take.

"Tsiraicin kakanka ka ɗauka a waya?"

"Abba, ciwo ne."

"Goge. Yanzu, a gabana."

Na goge. Ya karɓe wayar ya jefa a aljihu. Bai mare ni ba, kuma da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Na je wa Inna. Ta ce, "Ni? In kalli bayan Alhaji? Rufa mini asiri, Sadiku." Amma da safe na tarar da man kaɗanya da tsofaffin zannuwa masu tsabta a cikin jakar makarantata. Na kira Baffa Sani da wayarta, ya ce, "Ka bar ƙwararru su yi aikinsu, kai ka yi karatu." Goggo ta ce in ta zo za ta yi wa Madam magana. Da ta zo, Madam ta ba ta ruwan sanyi.

Daga nan kullum aka tashi makaranta sai Jambutu. Kuɗin karin kumallona ya koma na moto. Buba ya koya mini yadda ake mirgina mutum a tokare shi da filo, yadda ake wanke wurin da ruwan gishiri. Tsoho yana zagina tun daga farko har ƙarshe, ni kuma ina ramawa. Baba Modu ya ɗauki aikin buga cokali a ƙarfen gado duk lokacin da ya ji Tsoho yana nishi, ko Buba zai ji. Amma juyi ɗaya a yini ba ya hana komai. Sauran sa'o'in yana kwance a kan ciwon, a kan roba, a ƙarƙashin kwano. Gefen ya fara baƙi. Wani ya fito a dunduniya. Warin da ban san sunansa ba ya zama shi ne warin ɗakin. Ranar Juma'a kuma a naɗe wurin da bandeji, a zuba turare, a sa babbar riga, a zaunar da shi a kai har mu gama hira.

Wata rana na ce masa ya rame har hularsa tana neman wani kan. Ya dube ni kawai. Na sake gwadawa, na ce zan sayar da shagon in sayi babur. Bai rama ba. Jikinsa zafi kamar murfin tukunya. Na zauna a bakin gadon na rasa wanda zan gaya wa, don duk wanda zan gaya wa na riga na gaya masa.

Juma'ar makon muka zo, keken yana falo babu kowa a kai. Madam ta ce zazzaɓin sauro ne ya ɗan kama shi, an ba shi magani yana barci, gara a bar shi ya huta. Abba ya ce to, Allah ya sawwaƙe, har ya fara gyara hula zai tashi.

Na ce, "Ni na san ɗakin."

Ban jira ba, na shiga lungun. Na ji takun Goggo a bayana, sannan na Abba, sannan Madam tana cewa, "Mesiye, mesiye, ba a shiga nan." A bakin ƙofa Goggo ta ja mayafi ta toshe hanci. An sa wa Tsoho babbar rigar, da alama an yi niyyar fito da shi aka ga ba zai zaunu ba. Idonsa a rufe, bakinsa a buɗe.

Duk hanyar lungun ina shirya abin da zan ce, amma da na isa sai na ga ba ni da sauran magana. Na mirgina shi yadda Buba ya koya mini, na tattare rigar, na ɓare bandejin. Na ce, "Abba, ga shi."

Goggo ta yi salati ta juya baya. Abba ya duba. Ya daɗe yana dubawa. Tsoho ya buɗe ido, ya ga wanda ke tsaye a kansa, ya kai hagunsa yana laluben rigar zai ja ta ƙasa, hannun bai kai ba. Sai ya juyar da fuska bango.

Madam ta ce kuɗin da ake turowa na ɗaki ne da abinci da wanka, mai zama da mutum yana juya shi kuɗinsa daban, kuma ba wanda ya tambaye ta. Abba bai ko dube ta ba. Ya cire babbar rigarsa ta masallaci ya lulluɓe uban, ya sa hannu ya ɗauke shi cak kamar yaro. Yana wucewa ta falo na ji yana cewa, "Alhaji, ka yafe mini," Tsoho kuma yana cewa, "Sauke ni, mutane na gani."

A asibiti wata likita ce ta karɓe mu. Da ta buɗe wurin ta ce "eskar", kalma ta biyu da ta zauna mini. Ta ce ciwon kwanciya ne, yana kama wanda ba ya iya juyawa in aka bar shi a gefe ɗaya, kuma abin da ke hana shi kawai a riƙa juya mutum duk bayan awa biyu, a tsane masa jiki. Ta ce wannan ya kai ƙashi, kuma ya shiga jini. Sannan ta tambaya, "Wa yake duba jikinsa a cikinku?" Muna tsaye mu huɗu. Muka kalli juna. Ba ta yi mana faɗa ba, na gode mata, ta dai rubuta takarda mai tsawo.

Abba ya daina zuwa Mayo Ulo. Ya shimfiɗa tabarma a barandar asibiti cikin sauran masu jinya. Ya sayar da babur ɗinsa da rabin kayan shago, allura ɗaya tana cin turmi guda. Shi yake wanke uban yanzu, shi yake canza masa zane, yana yi yana kallon gefe, Tsoho yana kallon ɗaya gefen. Inna tana dama kunu ta kawo har bakin gado ta ba shi da hannunta. Baffa Sani ya zo daga Duwala ya tsaya a bakin ƙofa yana kuka kamar an ƙwace masa alawa. Duk abin da aka ce ba zai yiwu ba a gida, sai ga shi ana yi, lokacin da ba ya da amfani.

Na rubuta wannan ne don wanda zai kai nasa irin gidan nan, ko ma yake jinyarsa a ɗaki. Kada ka je ranar da aka ce ka zo kawai, ka je ranar Talata da rana tsaka. Ka wuce falo. Ka ƙirga masu aiki da idonka, ka ƙirga gadaje. In tsohonka ya ce da sauƙi, ka ce amin, sannan ka ɗaga rigar. In kai ba za ka iya ba, ka nemo wanda zai iya, kuma in ya dawo ya gaya maka, ka saurare shi ko da Rediyo ne. Ban ce kowane gida haka yake ba, ni ɗaya na sani. Kuma ko a can akwai Buba, akwai Baba Modu da cokalinsa, wanda har yanzu ban san ko wani ya zo duba shi ba.

Sau ɗaya Tsoho ya farfaɗo sosai a asibitin. Abba ya fita sayen magani, ni kaɗai ne a wurin. Ya dube ni ya ce, "Ka tona mini asiri, ɗan nema."

Na ce, "Na tona."

Can ya ce, "Hannunsa da sanyi, mutumin nan. Ban sani ba."

Washegari zazzaɓin ya dawo, bai ƙara magana ba. Ya rasu ranar Laraba da hantsi, Abba yana riƙe da kafaɗarsa za mu juya shi. Aka yi jana'iza bayan azahar. Likitar ta ce ba shanyewar jikin ce ta kashe shi ba, ciwon bayan ne.